Gadon Lafebur

A cikin gonakin dabinon Al-Awali akwai wata mai doguwar katanga da koren ƙyaure, ta Hajiya Ƙaltume. Kakanninta da ƙafa suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, ita kuwa a Madina aka yanke mata cibiya. Ta haura saba'in, ba ta dariya sai da dalili, kuma ta san kowace bishiya a gonar har da uwar da aka ciro ta daga gindinta. Ma'aikatanta tara ne. Takwas da hannu suke aiki, na taran da baki. Shi ne Issoufou.

Issoufou mutumin Damagaram ne, dogo, mai son turare da gogaggen kaya. Ba ya sata, ba ya fashin salla, a ba shi wannan. Cutarsa ɗaya ce, sunan da ke rubuce a iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, bayan nasa da na ubansa. Lefèvre aka rubuta, bakin mutane ya mayar da shi Lafebur. A kan wannan suna ya gina bene. In an ce ya hau dabino, sai ya ce jinin Lafebur ba ya hawan bishiya, sai dai ya nuna wadda za a hau. In an zuba shinkafa a faranti ɗaya kowa ya sa hannu, shi sai ya zaro cokali daga aljihu. Kakansa, in ji shi, babban basarake ne a Faransa, mai gida da ɗaki ɗari, ya zo Damagaram ya ga kakarsa a bakin rijiya, ya musulunta nan take. Ran Asabar ɗakunan ɗari ne, kafin Alhamis sun kai ɗari uku.

Ana nan sai Maigandi, tsohon wakilin gonar, ya ce gwiwa ta gaji, gida zai koma. Wakili shi ke riƙe mabuɗin ƙyaure da na sito, shi ke raba aiki, kuma shi ba ya hawan bishiya. Hajiya ta ce nan da Alhamis biyu za ta miƙa mabuɗin ga wanda ya dace. Kowa ya san wanda ya dace, Mu'azzam ne, wani gajeren Bakano marar yawan magana, ɗan gidan maƙera. A kusurwar gonar yana da 'yar maƙerarsa, da gawayi da guduma da zuga-zugin da ya ɗinka da fatar akuya, kuma duk laujen da ya karye a hannunsa yake warkewa.

Issoufou ya sa farar riga ya sami Hajiya a kujerarta ƙarƙashin rumfa. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce shawara ya kawo: shugabanci asali ne, ɗan maƙera kuwa ba ya riƙe mabuɗi, sai dai ya ƙera shi ya miƙa wa masu shi. A gaban Mu'azzam ya faɗa, yana wasa lauje bai ko ɗago kai ba.

Hajiya ta ce, "Tayyib. Ni in aka kawo mini dashe aka ce ajwa ne, sai na ga uwarsa nake yarda. Kai ma kawo mini shaida, ya waladi."

Washegari ya shiga mota sai unguwar Aƙiƙ, shagon masu buga hotuna. Ya sa aka nemo masa manyan Faransa na zamanin da a kwamfuta, ya zaɓi wanda kayansa suka fi ƙyalli, aka buga shi ƙato aka sa masa gilashi da baki mai ruwan zinariya. Ya rataye shi a rumfa, ya rufe da zane, ya tara mutane ya yaye.

Mutumin hoton yana da farin gashi a nannaɗe har kafaɗa, da leshi a wuya, da jan kumatu, da doguwar safa matsattsiya. Hajiya ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo.

"Kakarka ce wannan? Me ya hana ta ɗaura ɗankwali?"

Issoufou ya ce namiji ne, haka sarakunan can suke ado. Maigandi ya ce to Allah ya jiƙan ta, ko shi, duk wanda ya dace. Wani ya tambaya ko kafin ya musulunta aka ɗauka ko bayan, don bai ga gemu ba. Hajiya ta sa aka juya hoton ya fuskanci bango, ta ce gonarta mala'iku na shiga, kuma shaida mai baki take so, ba mai leshi ba.

Wani da sai ya haƙura nan. Issoufou kuwa ya ce mai baki za a kawo. Ya tafi masallacin Ƙuba, inda motocin masu ziyara suke sauke mutane, ya tsaya yana zaɓen fari. Ya hango wani jibgegen mutum ja kamar tumatir, ya tare shi ya ce, "Bonjur. Faransa?" Mutumin ya yi murmushi. Issoufou ya ce masa ajwa, ya nuna hanya. Da jin ajwa mutumin ya biyo shi.

Aka shimfiɗa wa baƙo darduma, aka cika faranti da ajwar da Hajiya ke ajiye wa manyan baƙi. Issoufou yana ta bayani cewa ga ɗan ƙasar kakansa, dubi hancin ma irin nasu ne. Baƙo ya ci ya tara ƙwallaye kamar mai shirin shuka. Da faranti ya ƙare sai Hajiya ta tambaye shi da Larabci daga ina yake. Ya dafa ƙirji ya ce Bosniya. Ya ɗaga hannu ya yi musu doguwar addu'a, ya cika aljihu da na faranti na biyu, ya nuna agogo alamar motarsu za ta tashi. Issoufou ne ya mayar da shi cikin zafin azahar. Tun daga ranar in ya wuce sai a tambaye shi ko kawu ya sauka lafiya.

Kwana uku yana sintiri a Ƙuba, aikinsa yana kan wuyan wasu. A na ukun sai ya ji wata mata tana waya da Hausar Damagaram tsantsa, kusa da ita wani farin dattijo mai siririn gemu yana riƙe mata jaka. Safiyatu sunanta, mijinta kuwa Bafaranshe ne na gaske, tsohon malamin makaranta da ya musulunta ya ɗauki suna Suhaib, umara suka zo. Issoufou ya nuna masa iƙama. Dattijon ya karanta, fuskarsa ta yi haske, ya buɗe baki zai yi magana. Issoufou ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce wa Safiyatu irin wannan magana ba a ɓarnatar da ita a bakin titi, su zo gona ran Alhamis a faɗe ta gaban jama'a.

Ran Alhamis da hantsi rumfa ta cika. Issoufou bai tsaya ga 'yan gonarsu ba, ya gayyato ma'aikatan gonakin maƙwabta, 'yan Nijar da 'yan Chadi da Sudanawa, har da mai shagon bakin hanya. Ya dafa gahawa tulu biyu. Ya faki idon Hajiya ya juyo da hoton. Mabuɗan kuwa suna kan cinyarta, a ɗaure da jan zare.

Safiyatu ta ce za ta fassara. Issoufou ya ce ta huta tukuna, shi da ɗan'uwansa za su fara gaisawa da harshen gida. Faransancin nasa kuwa aji biyu ya yi a makaranta aka kore shi, abin da ya rage masa bai cika tafin hannu ba.

Malam Suhaib ashe mai son tarihin sunaye ne, ya samu abin da yake so. Ya miƙe tsaye ya yi ta zuba. Ya nuna arewa, ya nuna kudu, ya ƙirga da yatsu, ya dunƙule hannu yana bugun tafinsa. Duk inda ya numfasa Issoufou sai ya ce, "Wi, wi," yana waiwayen jama'a. Da ya ga ana bugun tafi ya ce musu wannan yaƙin da kakansa ya ci ne ake ba da labari. Da dattijon ya tambaye shi wani abu a ƙarshe, ya ce, "Dakor, wi," har da dafa ƙirji.

Hajiya ta juya wajen Safiyatu. "'Yata, me ya ce?"

"Hajiya, ya ce maƙeri."

Hajiya ta ce duk wannan doguwar maganar? Safiyatu ta ce sauran ƙarin bayani ne. Wai sunan daga tsohon harshensu ya fito, ma'anarsa mai bugun ƙarfe. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, da aka fara rubuta mutane, sai a kira kowa da sana'arsa ko garinsu ko sunan ubansa. Kowane ƙauye kuwa da maƙerinsa, shi ya sa masu sunan suka yi yawa, a arewacin ƙasar in ka jefa dutse kan ɗayansu zai faɗa. A kudu ma akwai su, sai dai sun ɗan canza yadda suke faɗa. Tambayar ƙarshe kuwa cewa ya yi ko har yanzu gidansu ana ƙira, shi kuma ya amsa da e.

Mu'azzam ya ɗago kai a karon farko cikin mako biyu. "Ashe ɗan'uwa ne. Sannu da zuwa gida."

Dariya ta ɓarke har wani Basudane ya zubar da gahawa a rigarsa. Nan ma ƙofar fita a buɗe take, da ya yi shiru da an manta kafin Juma'a. Amma ganga in ta cika zaƙi ba ta jin shawara. Issoufou ya miƙe ya ce ai ya sani tun da, gwada su yake yi. Maƙeri da maƙeri akwai bambanci. Nasu ba masu lauje da fartanya ba ne, su ke ƙera takubban sarakuna da jiragen ruwa. Kakansa Sarkin Maƙeran Faransa ne gaba ɗaya.

Mu'azzam ya ce madalla. A gidansu dai jinin maƙera ba a takarda ake gane shi ba. Ran salla kakansa yakan ɗauki jan ƙarfe da hannu ya zagaya fili da shi, wuta ba ta cin nata. Shi bai gaji wannan ba, da awartaki yake aiki, amma jikan sarki ai sai a gani.

Hajiya ba ta son wasan wuta, ta ce wannan shirme ne. Ta sa Maigandi ya kawo laujen yankan dabino guda biyu da bakinsu ya lanƙwashe. Kowa ya gyara ɗaya, wanda nasa ya yanke nonon dabino, wato damin 'ya'yansa, da sara ɗaya shi ne da mabuɗi, halas.

Jama'a suka ɗunguma zuwa kusurwar gona. Mu'azzam ya zauna ya zuga, ya buga, ya tsoma a ruwa, ya wasa, kafin a sha kofi biyu laujensa ya yanke nono kamar an yanki sabulu. Ya matsa gefe ya miƙa guduma.

Issoufou ya naɗe hannun farar riga. Ya dubi zuga-zugin ya ture shi da ƙafa, ya ce wannan aikin ƙauye ne, a Faransa ba a hura wuta da akuya. Ya tafi sito ya jawo injin da ake hure shara da shi, ya kafa bakinsa a gawayi ya kunna. Toka ta tashi ta rufe sahun gaba. Malam Suhaib ya koma fari sau biyu. Mai shago ya yi ta tari yana neman takalminsa. Gawayin kuwa ya kama da ƙarfi, lauje ya yi ja, ya yi fari, bakinsa ya fara narkewa kamar alewa.

Ya zaro shi da awartaki ya ɗora a kan ƙarfen bugu, ya kai guduma. Ta farko ta sami ƙasa. Ta biyu ta sami lauje ta mayar da shi kamar wutsiyar kare. Ta uku ta miƙe shi ta wani gefen. Maigandi ya tambaya ko cokali ake ƙerawa, don ya san gidan da son cokali.

Issoufou ya ga lauje ya tafi, ya ga mabuɗi yana bin sa. Sai dabara ta zo masa. Tun ɗazu maganar ɗaukar ƙarfe da hannu take masa yawo a kai. Ya lura jan ya dushe, ƙarfen ya koma baƙi kamar yadda aka kawo shi. A lissafinsa wuta ta fita. Ya ajiye awartaki, ya ce gyaran lauje aikin yara ne, yanzu za su ga jini.

Mu'azzam ya ce a hankali, "Issoufou, bari. Jan ƙarfe yana gargaɗi, baƙin ba ya yi."

"Hassada ce, ɗan ƙauye."

Ya damƙa. Abin da ya fito daga bakinsa ba Faransanci ba ne, Inna ya kira da Hausar Damagaram, har gona ta uku an ji. Ya yi jifa da laujen sama. Lauje ya wuce kan mutane ya sauka cikin tarin busassun rassan dabino da aka jingine a jikin rumfa. Injin kuwa ba wanda ya kashe shi, da Issoufou ya yi tsalle ya shure shi sai ya juya baki ya fuskanci tarin, ya ci gaba da aikinsa da gaskiya.

Rassa suka kama, rumfa ta kama. Mutum biyu suka ɗauki Hajiya da kujerarta suka yi gefe da ita, tana riƙe da mabuɗai tana salati. Issoufou ya ruga wajen bututun ban ruwa yana cewa kowa ya tsaya, ya san abin yi. Ya murɗa da hannun hagu, ya murɗa wanda ba shi ba. Ruwa ya yi tsiri ta bayan jama'a, ya jiƙa 'yan Chadi, ya bi ta kan tabarmin da aka shanya dabino. Mu'azzam ne ya kashe injin, ya rufe wancan bututu ya buɗe na daidai, shi da sauran suka kashe wutar. Ba wanda ya ji ciwo sai mai jini. Rumfa dai ta zama toka, mai leshi kuma ba a sami komai nasa ba sai gilashi.

Issoufou yana zaune da hannu cikin bokiti, riga ta koma kalar gawayi. Hajiya ta sa aka ajiye kujerarta a gabansa, ta tambaye shi ko akwai sauran shaida. Ya ce gawayin ƙasar nan ne bai san shi ba. Kuma ko sarki ko maƙeri, shi dai jinin Bature ne, wannan ba mai ƙwace masa. Mahaifiyarsa tana raye, a kira ta.

Safiyatu ta ce gara ya kira ta shi kaɗai tukuna. Ya ce gaskiya ba ta ɓuya. Maigandi ya zaro masa wayar daga aljihu, ya danna, ya buɗe murya don kowa ya ji.

Inna Halimatu ta tsufa, kunne ya yi nauyi, don haka da ƙarfi take magana. Sai da ta tambayi zafi, da Harami, da ko yana cin abinci, sannan ya samu ya ce ta gaya wa mutane labarin kakansa Bature Lafebur.

"Wane Bature? Kakanka Isah baƙi ne kamar gindin tukunya."

Ya ce Inna ta tuna da kyau, layin ne ba shi da kyau. Ta ce layi lafiya lau, ita ta yi wa tsohon jinya har ya rasu. Lafebur wani Nasara ne mai gyaran amalanke da ƙarafan rijiya a bayan kasuwa, Isah kuwa shi ke masa zuga. Isah huɗu ne a unguwar, sai ake ce masa Isah na Lafebur don a bambanta. Da aka zo yin katin shaida, malamin ofis ya tambaya wane Isah, aka gaya masa, ya rubuta. Shi ke nan asalin.

Issoufou ya kai hannun hagu zai kashe wayar, Hajiya ta buge hannun da carbi.

Tsohuwa ta ci gaba. Ta ce aikin ma wata huɗu ya yi aka kore shi. Wai ya ce shi ya fi Nasaran iya ƙira, ya faki ranar da ba ya nan ya hura wuta, ya ƙone rumfar mutumin ƙurmus. Sai muryarta ta canza.

"Kai ɗan nan, me ya sa kake tambaya? Ba dai ka ƙona wani abu ba?"

Kowa yana riƙe da ciki don dariya. Safiyatu tana fassara wa mijinta tana share hawaye, shi kuma ya zaro ɗan littafi daga jiƙaƙƙen aljihu yana rubutawa, ya ce a duk tarihin sunan bai taɓa jin reshe mai daɗin wannan ba.

Hajiya Ƙaltume ta karɓi wayar ta gaisa da tsohuwa cikin mutunci, ta ce ɗanta yana lafiya, hannu ɗaya ne kawai. Ta kashe. Ta dubi tokar rumfarta, ta dubi jiƙaƙƙen dabinonta, sannan ta dubi Issoufou.

"Na nemi shaida, ka kawo. Asali ya tabbata, ya waladi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta miƙa wa Mu'azzam mabuɗai. Issoufou kuwa ta ce ba za ta kore shi ba, don Nasara ya kori kakansa bai gyaru ba. In hannu ya warke zai sake gina rumfa, zai hau dabino kamar kowa, kuma tunda zuga ce gadon gidansu, duk ranar da za a yi ƙira shi ne a kan fatar akuya, da bokitin ruwa a gefensa.

Haka aka yi. Bayan mako uku wasu sababbin ma'aikata daga gonar maƙwabta suka kawo gyaran lauje, suka tarar da wani dogo zaune a ƙasa yana danna zuga-zugi. Kafin su gama sallama ya fara gaya musu cewa a Faransa mai iska ya fi mai guduma daraja, don in ba iska ba wuta, kuma gidansu tun kaka su ke riƙe da wannan sarauta.

Mu'azzam ya juya ƙarfe a cikin gawayi, mabuɗai suna kaɗawa a ƙugunsa.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Zuga."